Ipnoz kayan aikin likita ne, ba na malamin aji ba

Duk mai riƙe da waya ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: wani ya kaɗa yatsa a gaban mutum, mutumin ya sulale kamar an zare masa laka, ƴan kallo suna tafi. Iyakar abin da yawancinmu muka sani game da ipnoz ke nan, shi ya sa da an ambace shi sai a ce rufa-ido ne ko aikin aljanu. A ɗaya gefen kuma ga masu talla a Facebook, suna cewa da shi za a raba yaro da fitsarin kwance, a cire masa tsoron jarrabawa, a buɗe masa kai. A matsayina na mai horar da malaman gobe, ga ra'ayina: ipnoz kayan aiki ne na gaske, amfaninsa yana da iyaka, kuma wurinsa hannun ma'aikacin lafiya.

Asalin ruɗanin tsoho ne. Wani likita Bajamushe, Franz Mesmer, ya isa Paris a 1778 yana cewa akwai wani ƙarfi kamar na maganaɗisu da yake turawa cikin jikin maras lafiya. A 1784 sarki Louis na 16 ya kafa kwamitin bincike, cikinsu har da Benjamin Franklin da Lavoisier. Suka ɗaure wa wani yaro ido, suka zaga da shi cikin lambun da aka ce an sa wa itace ɗaya wannan ƙarfi. Yaron ya suma a gindin itacen da ba a taɓa ba. Kwamitin ya ce babu wani ƙarfi, zato ne ke aiki. Amma fa sumar ta gaske ce. Ke nan abin da mutum ya sa a ransa yana iya taɓa jikinsa. A kan wannan James Braid, likitan tiyata a Manchester, ya gina aikinsa, ya fitar da littafi a 1843, ya yaɗa sunan da aka ɗauko daga kalmar Girkanci mai nufin barci.

Sunan ya yaudari mutane, don wanda ake yi wa ipnoz ba barci yake ba. Yana ji, yana iya magana, yana iya cewa a tsaya. Likita yana yi masa magana a hankali har hankalinsa ya taru wuri guda, kamar yaron da tatsuniya ta ɗauke har bai ji kiran uwarsa ba. A wannan hali sai a ba shi shawara: ya ji hannunsa ya yi sanyi, ya ji zafin ya yi nisa. Mutane sun bambanta. Kaɗan ne suke shiga sosai, wasu ba ya kama su ko kusa, mafi yawa suna tsakiya. Yara sun fi manya saurin amsawa.

To, ina aka ga amfaninsa? A asibitin jami'ar Liège ta Beljiyam, tun 1992 likita Marie-Elisabeth Faymonville ta fara haɗa ipnoz da allurar kashe zafi a wurin yanka da ɗan maganin kwantar da jiki, ana yin wasu tiyatoci, har da na maƙoƙo, ba tare da an sumar da mutum gaba ɗaya ba. A Ingila, hukumar NICE ta yarda tun 2008 a gwada shi ga masu wani ciwon hanji mai kumburi da murɗa, idan an shekara ana magani bai yi ba. A 2015 cibiyar binciken lafiya ta Faransa, Inserm, ta tace gwaje-gwajen da aka yi. Ta ga yana rage yawan maganin kashe zafi da ake bukata lokacin tiyata, yana kuma taimakon masu wancan ciwon hanji. Game da barin taba kuwa, ta ce hujja ba ta isa ba. Ku lura da abu ɗaya: a duk waɗannan wurare, likita ya fara gano cutar, sannan ya ƙara ipnoz a kan magani. Bai ajiye magani ya ɗauke shi ba.

Nan ne nake tsoron masu talla. Ko a Faransa babu dokar da ta tsare sunan mai yin ipnoz, kowa na iya yin ɗan kwas ya rataya allo. Yaron da ke fitsarin kwance wataƙila ciwon mafitsara gare shi ko ciwon suga. Yarinyar da ke faɗuwa wataƙila farfaɗiya ce. Mai amosanin jini da ƙashi ke sara yana bukatar ruwa da magani a asibiti. Wanda bai karanta aikin likita ba, ba zai rarrabe ba, kuma kowane mako da aka ɓata wurinsa, cuta ce ke ƙara zama.

Haɗari na biyu ya fi shafarmu, mu malamai. Ipnoz ba ya tono gaskiyar da aka manta. Yana ƙara wa mutum tabbaci a kan abin da ya tuna, ko da bai faru ba. A Amurka, a shekarun 1980 da 1990, an raba iyalai saboda zarge-zargen da suka fito daga irin wannan tono, kuma kotunan jihohi da yawa sun taƙaita karɓar shaidar wanda aka yi wa ipnoz. Ba sai an yi ipnoz ba ma. Mushe ya tsare ɗan shekara 8 da ido ya ce, "Ai ka ga lokacin da wane ya ɗauki kuɗin, ko?" Ya maimaita sau uku, yaro ya fara gani a ransa. Haka ake ɗora wa ɗan wani sata.

Haka kuma idan ƴan mata suka fara faɗuwa a aji ɗaya bayan ɗaya, abin da makarantunmu suka sha gani. Kowa da fassararsa, ba zan yi gardama a nan ba. Abin da ke wuyan malami dai a fili yake: ya watsa taro, ya raba su, ya sassauta murya, ya kira iyaye, a kai asibiti. Aji ba wurin gwajin abin da aka koya a bidiyo ba ne.

Na san wasu malaman addini sun hana ipnoz bisa fahimtar cewa da aljanu ake yin sa. Fatawa ba aikina ba ce. Roƙona kawai, wanda zai tambayi malami ya bayyana masa ainihin abin da likita ke yi, kada ya nuna masa wasan dandali.

Iyaye, idan aka kawo muku wannan tayi, ku yi tambaya uku. Mai yin, likita ne ko masanin halayyar ɗan Adam mai takardar da hukuma ta sani? An auna yaron an gano abin da ke damunsa? Za a bar ku ku zauna a ɗakin? In amsa ɗaya ta zama a'a, ku riƙe ɗanku da kuɗinku.

Mu kuma malamai, rabonmu a wannan ilimi shi ne mu san nauyin bakinmu. Yaron da ake ce wa daƙiƙi kullum safiya yana ɗauka, kamar yadda yaron lambun nan ya ɗauka. Ranar allurar rigakafi, kada a ce masa babu zafi, ƙarya ce kuma zai gane. A ce ya ja numfashi, ya ƙirga, ya ba da labarin akuyarsu. Wannan bai kai ipnoz ba, ba ya bukatar takarda, kuma gobe da safe za mu iya farawa.