Takarda Ba Ita Ke Haifar da Haƙƙi Ba

Tun da masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Peru, Hernando de Soto, ya fitar da littafinsa a shekarar 2000, malaman shari'a da ma'aikatan gwamnati suka riƙe magana ɗaya: gidan da ba shi da rajista matacciyar dukiya ce, a ba talaka takarda ya kai banki ya yi arziki. Da irin wannan tunani Ghana ta ƙaddamar da shirin gyaran harkar filaye a 2003, da tallafin Bankin Duniya. Ni ban yarda ba, kuma Yendi ce hujjata.

A Dagbon, masarautar da fadarta ke Yendi, asalin mallakar ƙasa na hannun sarkinta, Ya-Na, yana riƙe da ita amana a madadin jama'a. Turawan mulkin mallaka sun ɗauke filayen Arewacin Ghana sun sa ƙarƙashin gwamna, tsarin mulkin 1979 ya mayar wa masu su, na 1992 ya tabbatar. Wannan tsarin mulki na 1992 ya kuma hana a sayar da filin sarauta sayarwa ta har abada. Saboda haka takardar da ake tura mu nema yawanci ta haya ce, shekara 99 ga gidan zama. Wanda ba ɗan ƙasa ba, 50 ce iyakarsa.

To, dubi mutumin Zango, unguwar baƙi, da kakansa ya kai goro fada, aka nuna masa wuri, ya gina, ya aurar da 'ya'yansa a ciki. Dokar Filaye ta 2020, a sashe na 5, ta ce baƙon da ya zauna shekara 50 da izinin mai ƙasa, shi da zuriyarsa sun sami haƙƙin cin moriyar filin, sai dai in an gindaya wasu sharuɗɗa tun farko. Haƙƙi ne da ake gadonsa, ba shi da ranar ƙarewa. Wane wayo ne a sa mutum ya biya safiyo da lauya, ya yi ta zarya zuwa Hukumar Filaye a Tamale, don ya musanya gado da haya?

Masu kare rajista suna cewa ita ce maganin sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu. Cutar gaskiya ce, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Wanda ya sayar sau biyu ya ci amana ne, kuma a tseren takarda mai kuɗi ke riga kowa isa ofis. Bazawara da marayu ana barin su da shaidar dattawa, wadda kullum kabari ke ragewa. Bankin ma da ake mana romon baka da shi, sai ya ga albashi ko ciniki mai ƙarfi kafin ya saurari mai gidan ƙasa.

Abin yi yana cikin dokar 2020 ɗin. Ta wajabta kafa sakatariyar filayen gargajiya mai rubuta duk wata ma'amala, ta kuma ɗora wa masu sarauta bayar da lissafin amanar da ke hannunsu. Sarakunan Zango da limamai a Yendi, Salaga da Bawku su tara dattawa yanzu, a bi gida-gida a rubuta wa ya zauna, yaushe, da izinin wa, a shigar da shi a sakatariya kan kuɗin da talaka zai iya biya. Malaman shari'a kuma su fara karantar da sashe na 5 kafin su tura kowa Tamale.