Wa Ya Share Filin Ƙwallonmu?

Tambayi kowane yaro a Abu Na'ama labarin Hilal da Marikh na Omdurman, zai zubo maka kamar hadda, har da kofin Afirka da Sudan ta ɗauka a 1970. Amma tambaye shi wa ya share filin da yake taka leda, sai ya yi zuru.

Ni abin kunya nake kiran wannan. Iyayenmu manoma ne suka yi karo-karo suka sayi ƙwallo da riguna, ba sisin hukuma. Masu cewa wasa ba tarihi ba ne, ban yarda ba. Yaƙin 2023 ya warwatsa jama'a, dattawan nan kuma suna ta tafiya. Mun riƙe labarin hijirar Burmi ta 1903, me ya hana mu ɗauki biro mu zauna gabansu tun suna raye?