Laifin Kaca Ne Ko Na Mai Keke?

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi magana a kan wani abu da muka raina, watau kacar keke. Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023 kuɗin mota ya tashi, kekunan da aka jingine a zaure suka sake fitowa. Wanda duk ya bi hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma da sassafe zai ga ɗalibai bisa kekuna. Zai kuma ga wani tsugune a gefen titi, hannu duk baƙi, yana mayar da kaca.

Ni ma abin ya taɓa faruwa da ni. Ranar jarrabawar lissafi na miƙe tsaye ina taka feda a wani tudu, sai kaca ta zame, na faɗi na kurje gwiwa. Ko da na isa aji an riga an raba takardu. A ranar keken na zaga, amma yanzu na gane laifina ne.

Kaca ba ta zamewa haka kawai. Da yawanmu mukan je wurin makaniki mu roƙi baƙin mai mu kwarara mata. Man nan kuwa da datti yake zuwa, ga shi yana kama ƙura, musamman lokacin hunturu. Ƙura da mai idan sun haɗu sai su riƙa cin ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓin kaca, har ta ƙara tsawo. Daga nan ita kuma ta shiga cin haƙoran firiwil, su yi tsini, su daina riƙe ta. Wasu sukan sa mai gyara ya cire gaɓa don kaca ta matse. Wannan yaudarar kai ce, gama abin da ya cinye ya riga ya cinye.

To, yaya za ka gane? Ɗauko rular da ke jakarka. A sabuwar kaca, daga ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ne daidai. Dora farkon rula a tsakiyar wata ƙusa, ka duba wajen inci 12. Idan wata ƙusa ta faɗa daidai nan, kacarka lafiya lau. Idan ta zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, ta gama aiki, watakila ma ta tafi da haƙoran. Idan sako-sako kawai ta yi, a kwance ƙafar baya a ja ta baya kaɗan, a bar wa kacar wasan kamar rabin inci.

Shawarata ga iyayenmu ita ce, kada a jira kaca ta tsinke kafin a canja ta. Wanda ya yi jinkiri, kaca da firiwil zai saya tare, domin sabuwar kaca ba ta zama lafiya a kan tsofaffin haƙora. Mu kuma ɗalibai, mu ware safiyar Asabar mu wanke kaca da kananzir, ta bushe, mu ɗiga mata mai mai tsabta, mu goge sauran da tsumma. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allah ya kai mu makaranta lafiya, ya maido mu gida lafiya, amin.