Kiɗan Landan Bai Yashe Magudanar Jazira Ba

A makon jiya wani matashi daga Mai Wurno, garin nan namu da ke bakin kogin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, ya aiko mini da saƙon murya. Ya ce, "Baba, wai duniya ta manta da mu ne? An ce a zamaninku manyan mawaƙan Turai sun yi gangami saboda yunwar Habasha da Sudan. Yau da muke cikin abin da ya fi wancan, ina suke?" Sau uku na saurari saƙon, domin tambayar ta cancanci a ba ta amsa a natse.

Ɗana, abin da ka ji gaskiya ne. Ranar 13 ga Yuli, 1985, aka yi taron kiɗan Live Aid a filin Wembley na Landan da kuma birnin Filadelfiya a Amurka, ƙarƙashin jagorancin mawaƙi Bob Geldof. An tara miliyoyin fam. Da wani kaso na kuɗin aka sayi manyan motoci don ɗaukar hatsi daga Port Sudan zuwa cikin ƙasa. A lokacin mutanen Kordofan da Darfur sun baro garuruwansu sun zube a Muwailih, bayan Omdurman, gwamnatin Numeiri kuwa ta daɗe tana ɓoye cewa akwai yunwa. Dawar da Amurka ta aiko har suna mutane suka raɗa mata, suna ce mata Rigan, sunan shugaban Amurka na lokacin. Yabon gwani ya zama dole: akwai waɗanda suke da jikoki a yau saboda buhun nan ya iso ƙofarsu.

Sai dai ceton rai daban, fitar da mutum daga talauci daban. Wani mai bincike, Alex de Waal, ya zauna da mutanen Darfur a wancan lokaci, ya fitar da littafi a 1989. Abin da ya gano shi ne yawancin mutane da dabararsu suka tsira. Sun ci 'ya'yan itacen daji, sun yi ƙodago, sun ɓoye iri sun ƙi ci ko da ciki na kuka, domin babban tsoronsu shi ne damina ta zo ba su da abin shukawa. Waɗanda suka mutu kuma galibi cuta ce ta kashe su, ta hanyar gurɓataccen ruwa da cunkoso. Talaka ya san inda ɗakinsa ke yoyo, ya kuma san buhun agaji na wata guda ne, iri da gona su ne na shekara.

Mu dawo gida. Kakanninmu sun shigo ƙasar nan da ƙafa, wasu a hanyar Makka, wasu tare da Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gandun Jazira, wanda daga baya ya kai kimanin fadan miliyan 2 a ma'aunin gona na Sudan, hannayensu na cikin waɗanda suka tsinci audugar da ta riƙe Sudan shekaru da dama. Amma shekara ɗari bayan nan, ka shiga kambo, wato zangon 'yan ƙodago da ke gefen magudanar ruwa, inda Hausawa da mutanen yammacin Sudan ke zaune. Na taɓa yin yini a wani kambo kusa da Madani. Uwa tana wanki a bakin magudana, ɗanta na cika jarkoki a kan jaki ƙasa da ita kaɗan, ruwan nan ɗaya shi ne na sha. Maigidan ya nuna mini gonar gyaɗar da yake nomawa, ya ce, "Malam, kakana ya noma ta, ubana ya noma ta, amma gonar ba tamu ba ce. In an girbe a raba da mai ita." Kafin kaka ya riga ya ci bashin ɗan kasuwa a kan amfanin da bai nuna ba, abin da ake kira shel, don haka rabonsa ma da mai shi. Bukkar da yake kwana ba ta da takarda, shi ya sa makaranta da asibiti da famfo suka tsallake su.

Wannan shi ne asalin talaucinmu: rashin gona, rashin takarda, bashi, da magudanun da laka da ciyawa suka cike har ruwa ba ya kai ƙarshen gona. Duk yawan 'yan kallon da suka cika Wembley, ba su da ikon taɓa ko ɗaya daga cikin huɗun nan, domin maganinsu yana hannun hukuma da doka.

Ko agajin da aka tsara shi da hankali yana da nasa rauni. A 1979 aka fara shirin lafiya na Shuɗin Nilu tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, don yaƙar zazzaɓin cizon sauro da tsargiya a Jazira. Ya yi aiki, cututtukan sun ragu sosai. Da shekaru goman suka cika kuɗi ya yanke, sauro ya dawo da ƙarfinsa. A 2005 aka sake wani gangamin kiɗa, Live 8, aka yafe wa ƙasashen Afirka da dama bashi, Sudan ba ta ciki. Sai a 2021 aka fara maganar rage mata nata, juyin mulkin Oktoba na shekarar ya tsayar da komai. A farkon 2025 kuma Amurka ta dakatar da tallafinta na waje, takiyyoyi masu yawa da ke dafa wa jama'a abinci suka sauke tukwanensu cikin 'yan makonni. Kayan aro ba ya rufe katara. Famfon da makullinsa ke aljihun wani, ranar da ya ga dama zai rufe.

Ga kuma babban mai talauta mutane, wato rashin zaman lafiya. Rikicin Rusairis da Damazin na Yulin 2022, da na Wad al-Mahi a Oktoba, ya kashe ɗaruruwa ya kori dubbai daga gidajensu. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, ya kai Madani a Disamba, garin bai koma hannun soja ba sai Janairun 2025. Manomin da aka kwashe masa injin ban-ruwa da shanu da iri a dare ɗaya, agajin shekara goma ba zai mayar da shi inda yake ba. A waɗannan kwanaki masu wuya, waɗanda suka fara ɗora tukunya matasan unguwa ne da iyaye mata, da kuɗin da 'yan'uwa ke turowa ta waya daga Jidda da Riyad. Nafir ɗin da Sudanawa ke yi, gayyarmu ce ta gado.

Don haka, ɗana, in mawaƙa sun yi gangami dominmu, mu gode, mu karɓa, domin mai jin yunwa ba a yi masa dogon bayani. Masu ba da agaji su ci gaba, su kuma bi ta hannun mutanen unguwa da suka san kowane gida. Amma kada mu zauna jiran kiɗan Landan. Hukuma ta yi wa kambo rajista ya zama ƙauye mai haƙƙi, ta ba wanda ya shekara da shekaru yana noma hanyar mallakar gona, ta yashe magudanai, ta hukunta wanda ya zubar da jini ko shi wane ne.

'Yan'uwanmu na Kano da Sakkwato da Maraɗi, masu hali da malamai da taurarin Kannywood, ku ma kuna da rabo a wannan aiki. Ku tuna da dangin da ke bakin Nilu a zakkarku da wakafinku. Ku sa ta a injin ban-ruwa, da iri, da rijiya, da albashin malamin makaranta. Mu kuma nan mu raya adashi da gayya, mu tsaya kan neman haƙƙinmu da baki ɗaya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya sa mu ga damina mai albarka. Sai mako mai zuwa.