Wa zai rubuta tarihin yaƙin nan na Zamfara?

Jama'a, duk ranar da aka kai hari a hanyar Gusau zuwa Tsafe, kafin magariba za ka ga labari kala uku a Facebook. Sanarwar sojoji ta ce an hallaka 'yan bindiga da dama. Mutanen ƙauye su ce a'a, su aka kashe wa mutane kuma ba wanda ya kawo ɗauki. Can sai ga bidiyon wani ɗan ta'adda yana cika baki a daji. Mu kuma mu raba kawunanmu, kowa ya riƙe wanda ya yi daidai da jam'iyyarsa. Bayan sati biyu an manta. Abin da ke damuna shi ne: nan da shekara 50, idan wani jikanmu ya zauna zai binciki yadda aka yi wannan yaƙi, me zai tarar a ajiye?

Ina wannan tambaya ne domin ƙasar nan tamu ta taɓa ganin irin haka, har sau biyu, kuma duk a wuraren da muke wucewa kullum a mota.

Na farko 'Yandoto, a ƙasar Tsafe. Gari ne na malamai tun kafin jihadi, ɗalibai na zuwa daga nesa. Wajen 1806 rundunar Muhammadu Bello ta ci garin bayan malamansa sun ƙi bin jama'ar Shehu. To daga ina muka san yadda abin ya faru? Mafi yawa daga Infaƙul Maisuri, littafin da Bello da kansa ya rubuta a 1812. Littafi ne mai daraja, duk mai son sanin yaƙe-yaƙen jihadi daga Tafkin Kwatto a 1804 zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808 dole ya fara da shi, ya haɗa da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo. Kuma a yaba wa Bello, ya saka wasiƙun Shehu al-Kanemi na Barno a ciki, har da zargin da ya yi wa masu jihadi na wulaƙanta littattafai, sannan ya ba da amsa. Amma fa duk da haka, bakin wanda ya ci yaƙi ne. Hujjar malaman 'Yandoto da alƙalaminsu ba ita muke karantawa ba.

Na biyu Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bungudu. A ƙarshen Fabrairun 1903, bayan Turawa sun ci Kano, rundunar Kanawa da ke dawowa daga Sakkwato ƙarƙashin Waziri Ahmadu ta yi karo da sojan dokin Turawa a kusa da nan, Wazirin ya yi shahada. Hafsan Turawan, Wallace Wright, ya samu lambar jarumta mafi girma ta Ingila, kuma takardar lambar ta ce shi da hafsa ɗaya da soja 44 ne suka tare mahaya 1,000 da dakaru 2,000 har awa biyu. Wa ya ƙirga su? Shi wanda za a ba lambar da abokansa. Sai a 1964 wani tsohon jami'in mulkin mallaka, Muffett, ya fitar da littafinsa Concerning Brave Captains, inda ya bi tsofaffin da suka ga zuwan Turawa da idonsu ya ji ta bakinsu, ya kuma nuna wuraren da rahotannin Lugga ba su tsaya daidai ba. Ku lura, shekara 60 aka yi kafin a tambayi mutanenmu, kuma Bature ne ya yi tambayar.

Ga ɗaliban da ke yawan tambaya ta ina za su fara, kayan aiki akwai su, sai dai a warwatse suke. Murray Last ya rubuta The Sokoto Caliphate a 1967 daga takardun Larabci na gidan Waziri. Joseph Smaldone ya fitar da Warfare in the Sokoto Caliphate a 1977, shi ne ya fi zama a kan tsarin runduna, dawaki, lifidi, ganuwa da ribaɗi. Kan Zamfara ita kanta akwai kundin digirin Garba Nadama na jami'ar Ahmadu Bello, 1977, da na Kurt Krieger na 1959 wanda da Jamusanci yake. Fayilolin Lardin Sakkwato, wanda Gusau da Tsafe da Bungudu ke ciki a lokacin, suna gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna. Akwai Arewa House a Kaduna, akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ka ga ke nan, yaron Gusau da ke son karanta tarihin garinsu sai ya nemi kuɗin mota, ya bi ta hanyar nan ta Tsafe da Funtuwa yana addu'a.

Wanda na fi so a cikinsu duka, saboda ya shafi leƙen asiri kai tsaye, shi ne ɗan littafin da Backwell ya buga a 1927. Wasiƙu ne da Turawa suka kwashe a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, aka fassara. A ciki za ka ga sarakuna na aika wa Sakkwato labarin motsin Nasara, sun iso wuri kaza, sun nufi wuri kaza. Wato labari yana isowa. Ba rashin sani ne ya ci daular ba. A ɗaya ɓangaren kuma Turawa na da nasu 'yan rahoton, Hausawa irin su Adamu Jakada, masu shiga fada da kasuwa suna kai bayani. Duk wanda ya karanta wannan ya dubi halin da muke ciki yau, inda mutanen ƙauye ke cewa sun ga ayarin babura tun la'asar sun kira waya amma shiru, inda kowane gari ke kuka da infoma, wallahi sai jikinsa ya yi sanyi.

To yanzu mu dawo kan namu yaƙin. Me aka ajiye? A 2019 kwamitin tsohon Sufeton 'yan sanda M. D. Abubakar ya miƙa wa gwamnatin Matawalle rahoto, ya ce daga Yunin 2011 zuwa Mayun 2019 an kashe mutum 6,319 a jihar nan, ya kuma ce akwai hannun wasu masu sarauta da wasu jami'an tsaro. Abin da yawancinmu muka sani daga ciki, gutsuren da jaridu suka ɗauko ne. Akwai rahoton International Crisis Group na 2020. Akwai takardar Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na jami'ar Ɗanfodiyo, I am a Bandit, ta 2021, wanda ya shiga daji ya yi hira da su. Akwai ƙididdigar ACLED, wadda ke tattara hare-hare, amma ita ma yawanci daga abin da aka buga take ɗauka, harin da ba ɗan jaridan da ya ji shi da wuya ya shiga lissafi. Lokacin da aka katse layukan waya a Satumban 2021, ku tambayi kanku mutum nawa suka mutu ba a rubuta ba. Sannan a 2022 da BBC da Trust TV suka yi fim kan 'yan bindiga, hukumar kula da kafafen yaɗa labarai tarar naira miliyan 5 ta ci Trust TV. Za a iya jayayya kan ba ɗan ta'adda makirfo, ni ma ban cika sonsa ba, amma nan gaba waɗannan finafinan na cikin 'yan abubuwan da mai bincike zai samu.

Kar wani ya fahimce ni a baibai. Ban ce rundunar Fansan Yamma ta fito da sirrin farmakin gobe ba, kuma masu saka hoton jerin motocin soja a intanet suna faɗin inda suka nufa, cutar da mu suke yi. Sirrin da rai ke rataye da shi daban, takardar da ta tsufa daban. Ingila na buɗe yawancin takardun gwamnati bayan shekara 20, Amurka bayan 25, shi ya sa ake iya rubuta tarihin yaƙinsu har da kurakuran janar-janar ɗinsu. Mu nan muna da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, amma dokar sirrin gwamnati ta 1962 na nan daram, kuma ita jami'ai suka fi tunawa.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin motar kwamishina ɗaya ba. Gwamnatin jiha ta buga rahoton M. D. Abubakar cikakke, a ajiye kwafi a ɗakin karatu. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda ita kanta an sace mata ɗalibai a Sabon Gida a Satumban 2023, ta buɗe ɗaki guda na adana shaidar wannan yaƙi: a ɗauki muryar matan da ke gudun hijira, da askarawa, da direbobi, da Fulanin da aka kore wa shanu aka ƙona wa ruga, a rufe sunayensu har sai ƙura ta lafa. Masu unguwanni da limamai su riƙe littafi, sunan wanda aka kashe, rana, da wuri. Dattawan da suka san yadda aka yanka burtali da makiyaya aka mayar gonaki, da yadda 'yan sa-kai suka fara, suna nan da ransu a Tsafe da Bungudu, kuma a yanzu wayar hannu kaɗai ta isa a naɗi maganarsu.