Kafin ka sa wa motar Baba turbo

Ka san irin bidiyon da nake nufi. Sakan talatin ne a TikTok ko Instagram: an ciro inji baƙi ƙirin daga tsohuwar mota, an wanke, an jera sababbin ƙarafa suna ƙyalli, an ɗaure, an tayar. Salansa ta yi aman wuta, taya ta turnuƙe da hayaƙi. Kai kuma kana kwance da waya a hannu, ga motar gidanku a ƙofar gida tana shan baƙin mai kamar shayi, Baba ya riga ya ce ƙarshen wata za a sauke injin. Sai zuciya ta fara raya maka cewa tunda dai za a buɗe, me zai hana a ƙara mata ƙarfi gaba ɗaya?

Ra'ayina a taƙaice shi ne: a sauke injin, a gyara shi yadda ya kamata, har a saka kayan da suka fi na da inganci. Amma duk wani ƙari da manufarsa gudu ce ko ƙara, ka ajiye shi sai ranar da ka sayi taka. Ni ma matashi ne, ina son ƙarar inji mai lafiya kamar kowa, don haka kar ka ɗauka faɗan dattawa zan yi maka. Lissafi za mu yi.

Mu fara da inda ƙarfi yake fitowa. Inji yana zuƙar iska, ya gauraya ta da fetur, ya matse, fulogi ya kunna, fashewar ta tura fistin ƙasa. Duk wanda ya ce zai ƙara maka ƙarfi, ko dai zai cusa ƙarin iska da mai, wanda shi ne aikin turbo, ko ya ƙara matse abin da ke ciki, kamar idan an aske kan silinda da yawa, ko ya taɓa ƙwaƙwalwar motar ya sauya lokacin kunna wuta da yawan man da ake fesawa. Kowace hanya ka bi, zafi zai ƙaru. A cikin fetur ɗin da ka saya, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai yake tura mota, sau da yawa ma bai kai ba. Sauran zafi ne, yana fita ta salansa da lagireto. To ka tuna watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, zafi ya haura digiri 40, ga cunkoso, ga esi a kunne. Lagireton da ya shekara goma sha biyar yana shan ruwan rijiya, da ƙyar yake riƙe injin yadda kamfani ya ƙera shi. Shi za ka ƙara wa kaya?

Za ka ce ai ka ga Supra. Gaskiya ne, tun fim ɗin Fast and Furious na 2001 Toyota Supra ta zama gwanar masu ƙara wa mota ƙarfi. Amma injinta mai turbo, 2JZ, daga kamfani ya zo da turbonsa, gangar jikinsa baƙin ƙarfe ne, kuma an rage masa matsi zuwa 8.5 don ya jure iskar da ake cusa masa. Corolla mai injin lita 1.8 da ta cika titunanmu, irin ta 2003 zuwa 2008, gangar injinta alminiyam ne, matsinta 10, ƙarfinta wajen doki 130. An ƙera ta ne ta yi shekaru tana kai yara makaranta ba tare da ta cinye albashi ba. Ka liƙa mata turbo a haka, da fistin ɗinta na asali, da giyarta da ta riga ta gaji, garin gyaran gira za ka rasa ido.

Ga kuma maganar mai. Inji mai matsi sosai yana buƙatar fetur mai jure matsi, irin wanda a Turai da Amurka ake ware masa famfonsa daban da farashinsa daban. A gidajen manmu galibi kala ɗaya ne, abin da aka zuba maka shi ka samu. Idan man bai jure ba, sai ya riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba, ka ji inji yana ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar ce take fasa ringi, ta huda fistin. Masu bidiyon da kake kallo suna da man da ya dace, suna da na'urar da ake ɗora mota a kai a gwada ta awa da awanni kafin ta hau titi. Wannan ɓangaren ba ya shiga cikin sakan talatin.

Akwai kuma ƙananan dabarun da ake yi a garejinmu da sunan ƙarin ƙarfi. Na farko, cire abin tace hayaƙi na cikin salansa, wanda makanikai ke kira indomi. Sai a ce maka ya toshe, mota za ta fi numfashi. In da gaske ya toshe, maganinsa canji. Amma ka sani a cikinsa akwai ƙarafa masu tsadar gaske, shi ya sa yake da kasuwa, shi ya sa ma wani yake saurin ba ka shawarar cirewa. Bayan an cire, fitilar gargaɗi ta kama, hayaƙi mai guba ya ƙaru, mu da ke bayanka a Adaidaita mu shaƙa. Na biyu, jefar da akwatin matatar iska a sa buɗaɗɗiyar matata mai kala. Tana ba da ƙara mai daɗi, ban musa ba. Sai dai iskar da take zuƙa mai zafi ce ta gefen inji, kuma a hunturu ƙurarmu ba ta wasa. Ƙurar da ta wuce matata, sabon ringin da aka biya kuɗi aka saka take gogewa.

Yanzu mu ɗauka komai ya yi, motar ta ƙara gudu. Waye ya ƙara mata birki? Nan ne lissafin yake da ban tsoro. Nisan da mota take ci kafin ta tsaya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. In ka ninka gudu sau biyu, nisan birki sau huɗu yake ninkuwa. Daga kilomita 80 zuwa 120 a awa, ya haura ninki biyu. Dokar hanya ta ƙasar nan ma iyakar da ta ba ƙaramar mota ita ce 100 a babban titi mai hannu biyu, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari, kuma Corollar Baba tana kai wannan ba tare da an taɓa ta ba. To ƙarin da kake nema, a wane titi za ka yi amfani da shi? Wanda akuya ke tsallakawa, ko wanda tirela ta mutu a kwana babu alama?

Kar mu manta da aljihu. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. Ƙarin ƙarfi ƙarin mai ne duk lokacin da ka taka. Wa zai riƙa cika tankin, kai da kake jiran alat na kuɗin makaranta?

Abin da ya fi damuna ma shi ne wannan: motar ba taka ba ce kai kaɗai. Ita ce take kai Mama asibiti da tsakar dare. Ita ce take kwasar ƙannenka da safe, ita ake lodawa a tafi gida da Sallah. In ka yi gwaji a wayarka ta lalace, kai ka jiyo. In ka yi gwaji a motar gida ta buga a tsakiyar daji da mata da yara a ciki, mutanen da ba ka nemi shawararsu ba ne za su kwana a hanya. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, da yawa ba sa gaya wa Baba abin da suka ƙulla da makanike. Abin da ba za ka iya faɗa wa mai motar ba, ka riga ka san matsayinsa.

To ina ya kamata kuɗin ya tafi? Ga inda nake ganin wayewa ta gaskiya take.

A auna kafin a saya. Makanike na ƙwarai ba ya duba silinda da ido ya ce ringi kawai za a sa. Ana auna faɗinta, in ta cinye a kai wurin masu injin gyaran ƙarfe a faɗaɗa ta, a sa fistin mai ƙarin girma, 0.25 ko 0.50 na milimita. Haka karanshaf, in an goge shi sai a sa metal daidai da abin da aka rage. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashin kanka ba, ka ga kuwa ba aikin kintace ba ne. Kusoshin kan silinda kuma da sifana mai auna ƙarfin ɗauri ake ɗaure su, bi da bi yadda littafin motar ya tsara. In ka ga oga ya sa bututu a sifana yana dannawa da ƙafa, ka fara tanadin kuɗin wani gasket.

A sayi kaya na ainihi, kuma ka je da kanka. Ko Ƙofar Ruwa ce a Kano, ko Panteka a Kaduna, akwai mai kyau akwai jabu, wani lokacin a shago ɗaya. Zuwa da kai ya fi aike. Wani injin ma gyararren kayansa ya fi wanda ya zo da shi. Misali injin 2AZ na Camry ta 2007 zuwa 2009 ya yi suna wajen shan baƙin mai, kuma Toyota da kanta ta fitar da fistin da aka sake wa fasali saboda haka. Irin wannan ƙarin, hannu bibbiyu nake goyon bayansa.

A gyara sanyaya inji gaba ɗaya: lagireto mai kyau, sabon famfon ruwa, ruwan sanyaya inji na gaske mai hana tsatsa. Kuma don Allah a bar tamostat a wurinsa. Al'adar cire shi a haɗa fanka kai tsaye wai don ƙasarmu da zafi, tana ɓoye ciwo ne kawai. An tsara inji ya yi aiki a wajen digiri 90. In ya kasa kaiwa, ƙwaƙwalwar mota sai ta ci gaba da ba shi mai da yawa kamar yanzu aka tayar da shi, ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. Baƙin mai ma a bi lambar da ke littafi. Wannan Corollar 5W-30 aka rubuta mata, ba mai kaurin da ake ɗura wa kowace mota ba.

Sai birki da taya da shokazoba. Man birki yana shan danshi, ana so a canja shi kamar duk shekara biyu. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Je ka duba ta gidanku yau. Bayan an ɗaure inji kuma, kilomita dubun farko lallaɓawa ake yi, a canja mai da wuri, ringi ya zauna.

Na san akwai mai cewa mota mai ƙarfi tana ceto wajen wuce tirela. Yana da gaskiya, motar da ba ta ja hatsari ce. Amma injin da ringinsa ya cinye ya daɗe da zubar da wani kaso na ƙarfinsa. In aka dawo da shi yadda ya fito daga kamfani, wallahi za ka rantse an ƙara masa wani abu. Wani kuma zai ce ta hanyar taɓe-taɓe ake zama injiniya, in an hana matasa gwaji yaushe za mu ƙera namu? Wannan ma ina tare da shi. Ku haɗa kuɗi ku da abokai ku sayi mataccen inji, ku kwance, ku ɗaure, ku ɗauki bidiyo da Hausa, mu ma mu ƙaru. Ka tsaya a gareji ranar da ake aikin motar gida, ka yi tambaya, ka riƙe fitila. Koyo ke nan, kuma ba ran kowa a ciki.

Ka tambayi iyayenmu labarin Peugeot 504, Fijon da aka fara harhaɗa irinta a Kakuri ta Kaduna a 1975. A wannan shekarar ce 504 ta lashe tseren Safari a Kenya, amma waccan ta tsere ce, an ƙarfafa ta ko'ina, ga tawagar makanikai na biye da ita. Wadda ta shiga zuciyar mutanenmu ta gida ce, mai kafireto, da injinta bai kai doki 100 ba. Abin da ya sa har gobe ake yabonta shi ne ta kai mutane inda za su, ta dawo da su, shekara da shekaru.

Don haka in an sauke injin gidanku ƙarshen watan nan, ka zauna da Baba da makanike ku rubuta komai a takarda: abin da aka auna, abin da za a saya, da nawa ne. In kuɗi ya yi saura, a sa a taya da birki. Turbo yana nan ba inda zai je, ranar da ka sayi taka da guminka ka sa mata guda biyu in ka ga dama, ka nemi filin da ba mutane. Allah ya tsare mu a hanya.