WAI MUNGO PARK NE YA "GANO" KOGIN KWARA?

Ya ku 'yan uwana matasa, yau ina da ƙorafi ne a kan kalma guda ta Turanci, wato "discover", wadda aka daɗe ana haddatar da yara ita a aji. Malami zai tambaya wa ya gano kogin Neja, yara su amsa da ƙarfi: Mungo Park! Har a Yauri, inda yaron da ke amsawa a kogin ya yi wanka da safe.

Asalin kalmar shi ne yaye murfi daga abin da yake rufe. To, wa aka rufe wa kogin Kwara? Gungawan da suka zauna a tsibiransa kaka da kakanni? Ko Sarkawan da suka san kowane gurbi na kifi daga Shanga har Ngaski? Ibn Battuta ya bi kogin nan a jirgin ruwa daga Tambutu zuwa Gawo a 1353, shekaru fiye da 440 kafin Park ya isa bakinsa a Segu cikin watan Yulin 1796. Mutanen Landan ne kawai suke cikin duhu. Ƙungiyarsu ta African Association ce ta turo shi ya dubo musu inda ruwan ya dosa, ya koma ya ce gabas yake yi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, shi kansa Park bai ɓoye cewa kogin yana da masu shi ba. A tafiyarsa ta biyu, jirgin da ya harhaɗa da kwalekwalen mutanen Sansandin sunansa Joliba, wato sunan da Mandingo suke kiran kogin. Sannan sai da ya ɗauki ɗan jagora, Amadi Fatuma, wanda ya rako shi har Yauri. Bayan rabuwarsu bai yi nisa ba, ya halaka a duwatsun ruwan Busa a 1806, wurin da tafkin Kainji ya shanye a 1968. Subhanallah! Ɗan jagora ya ɓace a littafin makaranta, wanda aka ja shi ne ya zama mai ganowa.

Na san masu kare kalmar za su ce ai Bature yana cewa ya yi "discover" ɗin wani gidan abinci, alhali kowa ya san akwai masu cin abinci a wurin kafin shi. Gaskiya ne, kalmar tana da wannan ma'ana, ta mutum ya tsinci abin da shi bai sani ba. Amma ba ita ake nufi a takardar jarrabawa ba. In an rubuta "the Niger was discovered in 1796", an yi amfani da ginin jimlar da ke ɓoye wanda abin ya zame wa sabo. Mai karatu sai ya ɗauka duk 'yan Adam ne ba su sani ba, ko kuma waɗanda suka sani ɗin ba sa cikin lissafi. Wannan dabarar ce aka yi wa mutanen Amurka na asali da sunan Kolumbus a 1492.

Kuma ba wai Turanci ya rasa kalmomin da suka dace ba ne. Akwai "reached", ya isa. Akwai "explored", ya kewaya yana bincike. Su ne suka dace da Park, kuma su ne suka dace da Richard da John Lander, waɗanda suka sauka a Yauri a 1830 suna neman takardunsa, daga bisani suka bi kogin har inda ya faɗa teku. Haƙƙinsu ke nan, ba na tauye musu shi, don tafiyar ba wasa ba ce. Amma duk wanda ya rubuta "discovered" a gabana, zan nemi ya ƙara "for Europeans", in ya ƙi, ya je Yelwa ranar kasuwa ya faɗa wa matuƙan jirgi da bakinsa.